Gidan da Aka Ɗauko a Mota: Ziyarata Gidan Lewis Latimer a Amurka

 Masu cigiyar ci gaban labarin soyayyar da muka faro su ƙara haƙuri, yana nan tafe in Allah Ya yarda. A wannan fitowar tsaraba na kawo muku daga birnin Niyok na ƙasar Amurka, amma ba ta turare ko atamfa ba ce, labarin wani ɗan gidan katako ne da ke unguwar Flushing a yankin Queens, wanda wani baƙar fata mai suna Lewis Howard Latimer ya zauna a cikinsa da iyalinsa daga 1903 har rasuwarsa a 1928. Duk wadda ta taɓa kunna ƙwan lantarki ko ta kara waya a kunne, to tana cin gajiyar abin da hannun mutumin nan ya taɓa, alhali ko sunansa da yawanmu ba mu taɓa ji a aji ba.

Dalilin zuwana ƙasar dai Yayata ce ta haihu a unguwar Bronx inda take aure, Hajiyarmu kuma ciwon ƙafa ba zai bar ta ta yi doguwar tafiya ba, shi ne aka tura ni taya ta zaman jego. Bayan an yi arba'in, babbar 'yarta mai shekara tara ta tasa ni gaba da magiya, wai malamarsu ta ba su labarin mutumin a watan Fabrairu, watan da makarantun can ke warewa don tarihin baƙaƙen fata, kuma ita sai ta ga gidan da idonta. "Anti, ke da kike rubuta littafi ai ke ya kamata ki je," in ji ta. Yaya ta yi dariya ta ce, "Ku tafi ku ba ni wuri in huta, amma ki riƙe mini hannunta gam, garin nan ba Kano ba ne."

Jirgin ƙasa muka hau zuwa babbar tashar Grand Central, daga nan muka sauya zuwa jirgi mai lamba 7. Shi wannan jirgin da ya ƙetare kogi sai ya fito daga ƙarƙashin ƙasa ya hau kan gada, yana tafe a saman titi kina leƙen rufin gidajen mutane da shanyarsu. Ban taɓa ganin tarin ƙabilu a wuri ɗaya kamar cikin taragon nan ba. Ga mai yaren Sifaniyanci, ga Ba'indiya da ɗigo a goshi, ga 'yan Bangaladash da hijabansu, kowa da abin da ya dame shi. Tasharmu ita ce ta ƙarshe, kuma da muka hauro sama sai na tsaya turus, don wallahi sai ka rantse a ƙasar Sin aka sauke mu. Allunan shaguna duk rubutun Sinawa ne da na Koriya, ga kifi mai rai a cikin baho, ga 'ya'yan itatuwan da ban san sunansu ba, ga cunkoso sai ka ce Kantin Kwari ana jajibirin salla.

Tafiyar kamar minti goma sha biyar muka yi a ƙasa muka nufi arewa, hayaniyar na raguwa a bayanmu, ban da ƙarar jiragen sama da ke wucewa ƙasa-ƙasa saboda filin jirgin LaGuardia na kusa. Can sai ga shi a gefen wani filin wasa, dogayen benaye na jan bulo sun sa shi a gaba, shi kuwa ɗan tsurut da shi, hawa biyu da ɗan ɗaki a can ƙarƙashin rufi, da baranda a gaba, da ciyawa da furanni a kewaye. Kamar tsohuwa ce ta zo biki ta zauna a tsakiyar 'yan mata. Benayen nan da ke kallonsa ma sunan mai gidan aka sa musu.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne da ma'aikaciyar wurin ta gaya mana cewa ba a nan aka gina gidan ba. Asalinsa yana kan wani titi ne mai suna Holly, wajen kilomita biyu daga inda yake yanzu, kuma an gina shi tun ƙarshen shekarun 1880. Latimer ya saye shi ne a lokacin da kusan duk maƙwabtansa fararen fata ne. Bayan rasuwarsa 'yarsa ta ci gaba da zama a ciki har ita ma ta rasu a 1963, gidan ya fita daga hannun iyali. A 1988 wani mai harkar gine-gine ya yi niyyar rushe shi ya yi sababbin gidaje a filin. Nan fa jikarsa, Winifred Latimer Norman, wadda ta yi wayo da kakan nata don tana da shekara 14 ya rasu, ta ce ba za ta saɓu ba. Ta haɗa kai da mutanen unguwa aka kafa kwamiti, aka nemi kuɗi, aka yi ta kai gwauro ana kai mari har aka samu fili. A watan Disamba na shekarar aka ciccibi gidan ɗungurungum aka ɗora a kan babbar mota, aka bi titi da shi a hankali mutane na kallo. 'Yar Yaya ta zaro ido ta ce, "Anti, da gadajen da komai?" Ni kuwa lissafi nake yi, a lokacin matar nan ta haura shekara saba'in, shekarun da mu a wurinmu ake cewa tsohuwa ta koma ɗaki ta ja carbi. Hukumar birni ta sa gidan cikin jerin gine-ginen tarihi a 1995, ita kuma ta rayu ta ga an buɗe shi ga jama'a, ta rasu a 2014 tana da shekara 99.

Cikin gidan ba shi da wani girma. Falon wasu amaren namu ya fi ɗakunan faɗi. Ƙasan katako ne, in kin taka yana ɗan ƙara. An yi masa gyara an sake tsara kayan kallon a 2024, saboda haka yanzu akwai abubuwan da yara za su taɓa su murɗa su ga yadda wuta ke tafiya a waya, wurin da 'yar Yaya ta maƙale ke nan ta manta da ni. Ni kuwa bango na bi ina karatu, don labarin bai fara da shi Lewis ba, da iyayensa ya fara, kuma a nan ne na ji abin ya taɓa mini zuciya.

Mahaifinsa George da mahaifiyarsa Rebecca bayi ne a garin Norfolk na jihar Virginia. A dokar bauta ta can, ɗa matsayin uwarsa yake bi, in baiwa ce ta haifa to abin da ta haifa dukiyar ubangidanta ne, ya ga dama ya sayar kamar yadda ake sayar da ɗan akuya. A watan Oktoba na 1842, auren nasu ko shekara bai yi ba, Rebecca na ɗauke da ciki, sai suka yanke shawarar gudu. Ku tsaya ku ji dabarar. Shi George fari ne tas, domin mahaifinsa Bature ne, saboda haka bayan sun ɓuya a cikin jirgin ruwa sun bar garin, sai ya shige gaba a matsayin ubangida, ita kuma ta bi shi a baya a matsayin baiwarsa. A haka suka ratsa garuruwa har Boston inda babu bauta. Ke 'yar uwa, ki auna a ranki, mace da ƙaramin ciki, ga laulayi ga tsoro, mijinki na gabanki amma ba ki da ikon ɗaga ido ki dube shi da fuskar da kika saba, kuma kuskure ɗaya ya isa a mayar da ku a raba ku har abada. Mu marubuta mun sha haɗa masoya su gudu don an hana su aure, amma ban taɓa karanta gudun da ya kai wannan nauyi ba.

Wahalar ba ta ƙare da isarsu ba. Kwanaki kaɗan wani da ya san George ya gan shi ya kai tsegumi, aka kama shi aka tsare, ubangidansa James Gray ya taso takanas ya zo karɓar kayansa. Sai garin Boston ya ɗauki zafi. Masu adawa da bauta irin su Frederick Douglass, wanda shi ma gudowa ya yi, da William Lloyd Garrison mai jarida, suka yi ta taruka suna cewa ba za a mayar da shi ba. Daga ƙarshe aka tara dala 400 aka ba Gray ya haƙura. Dubban mutane kuma suka sa hannu a takardar koke, har a 1843 jihar Massachusetts ta yi dokar da ta hana ma'aikatanta da gidajen yarinta taimakawa wajen kama bawan da ya gudo. Cikin 'yanci aka haifi 'ya'yansu huɗu, auta shi ne Lewis, ranar 4 ga Satumba 1848 a garin Chelsea.

To amma ga inda labarin ya yi ɗaci. A 1850 gwamnatin tarayya ta yi sabuwar doka mai tsanani ta farautar bayin da suka gudu, a 1857 kuma kotun ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar wani bawa mai suna Dred Scott cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne. Ba a daɗe ba George ya sa ƙafa ya bar gida, Lewis na da shekara kamar goma. Masana tarihi suna danganta tafiyar da tsoron kada a sake kama shi, tunda sunansa ya yi tambari ko'ina. Na daɗe a tsaye a gaban wannan bayanin. Ba zan yi wa mutumin da ya ɗanɗani ankwa hukunci ba, wanda bai sha ba bai san ɗacinta ba, amma ni dai zuciyata tana wurin Rebecca. Ita ce aka bari da yara huɗu ba ta da abin ciyar da su, har dole ta sa ta rarraba su, mazan aka kai su wata makarantar gona ta gwamnati, macen aka ba wasu riƙo. Tarihi ya cika da sunan George, har dokar nan da sunansa ake kiranta, ita kuwa da ta ɗauki cikin ta yi gudun, ta kuma ɗauki ɗawainiyar bayan ya tafi, layi biyu ake ba ta a wuce. Wannan halin na duniya ba a Amurka kaɗai yake ba, duk wadda ta tashi a hannun bazawara ta san abin da nake nufi.

Karatun Lewis na aji bai wuce firamare ba. Ya yi tallar jarida, ya taya mahaifinsa aiki a shagon aski da liƙa takardar ado a bango. A 1864, ana tsakiyar yaƙin basasar da ya kawo ƙarshen bauta, ya ƙara wa kansa shekaru ya shiga sojan ruwa yana ɗan shekara 16 ko bai cika ba, ya yi aiki a jirgin yaƙi mai suna Massasoit, aka sallame shi a 1865. Daga nan ya samu aikin masinja a ofishin wasu lauyoyi a Boston, Crosby da Gould, a kan dala 3 a mako.

Aikin lauyoyin nan shi ne yi wa masu ƙirƙira rajista. A can in mutum ya ƙago wani abu, sai ya kai wa gwamnati bayaninsa da zanensa dalla-dalla, a ba shi takardar shaida cewa nasa ne, ba mai kwaikwaya ya sayar sai da izininsa na wasu shekaru. In zanen bai fito da kyau ba, ko aka bar wata kafa, wani ya shige ta nan ya kwashe wahalarka. Saboda haka masu zanen ofishin manyan ma'aikata ne. Yaron nan yana share-share yana kai saƙo, amma idonsa na kan teburinsu, yana lura da yadda suke riƙe ma'auni da yadda suke jan layi. Ya tara 'yan kuɗinsa ya sayi tsofaffin kayan zane da littattafai na hannu, in ya koma gida da dare ya yi ta gwadawa. Da ya ga hannunsa ya faɗa sai ya roƙi a bar shi ya gwada zane ɗaya. Aka ba shi, aka ga aiki. A hankali har ya zama shugaban masu zanen ofishin yana karɓar dala 20 a mako.

Na ga kwafin zane-zanensa a bango, kuma wallahi in ba an gaya miki ba za ki ce na'ura ce ta buga. Layukan sirara ne tsaf, inuwar ta zauna daidai, rubutun hannunsa kamar ɗinkin sama. Sai na tuna ƙannena da ke rubuto mini cewa an cire su daga makaranta a aji uku, ko jarrabawa ta ƙi, ko ba kuɗin ci gaba, suna ganin shi ke nan an rufe musu ƙofa. Ni ma nan sakandare na tsaya. Ba ina cewa rashin makaranta abin so ba ne, duk wadda ta samu dama ta riƙe ta da hannu biyu, kuma shi kansa Latimer ya tabbatar 'ya'yansa mata sun yi karatun da shi bai samu ba. Amma mutumin nan a bakin aikin shara ya koyi sana'ar da ta ciyar da shi shekara hamsin.

A wannan ofishin ne Alexander Graham Bell ya zo neman wanda zai zana masa wayar tarho. Da rana Bell yana koyar da kurame, don haka da dare suke zama su yi aikin. An shigar da takardun ranar 14 ga Fabrairu 1876, a ranar da wani mai suna Elisha Gray shi ma ya kai nasa bayanin a kan irin wannan na'ura, tazarar 'yan sa'o'i ce kawai tsakaninsu, kuma Bell aka ba shaidar. Kafin nan ma, a 1874, Latimer da wani abokin aikinsa sun yi rajistar wani ingantaccen makewayi na cikin jirgin ƙasa. 'Yar Yaya ta yi ta ƙyalƙyala dariya da ta ji wannan, na ce mata ta bari sai ranar da ta yi tafiyar kwana a jirgi tukuna.

Yanzu bari mu zo kan ƙwan lantarki, don a nan ake yawan cakuɗa zance. Za ku ga ana yawo da saƙo a WhatsApp cewa baƙar fata ne ya ƙago ƙwan lantarki Edison ya sace. Ba haka abin yake ba, kuma gidan tarihin ma bai ce haka ba. Mutane da dama a Amurka da Ingila sun yi shekaru suna fama da ƙwan, Thomas Edison ya fito da nasa mai aiki a 1879. Matsalar ita ce ɗan siririn zaren da ke cikin gilashin, wanda wuta ke bi ya yi ja ya ba da haske. A wancan zamanin da gawayi ake yin sa, a yanka takarda ko zare ko gora siriri a gasa a tanda har ya zama gawayi. To wajen gashin sai ya lanƙwashe ko ya karye, a yi asara da yawa, wanda ya tsira ma wani bai daɗewa. A 1880 Latimer ya koma aiki da kamfanin wani abokin hamayyar Edison mai suna Hiram Maxim, a can ya gano dabarar sa zaren a cikin wata 'yar ambulan ta kwali kafin a gasa, yadda zai fito a miƙe da siffar da ake so ba tare da ya manne ko ya karye ba. An ba shi shaidar wannan ranar 17 ga Janairu 1882. Duk macen da ta taɓa toya waina a tanda sabuwa ta ga rabi na kamawa ta san darajar wanda ya zo da dabarar da za ta sa duka su fito lafiya. Asara ta ragu, ƙwan ya yi sauƙin yi. Wannan ne aikinsa, kuma ni a ganina bai buƙatar a ƙara masa gishiri.

Sunan Maxim ɗin nan kuwa da na gani sai da gabana ya faɗi. Shi ne daga baya ya koma Ingila ya ƙera bindigar nan mai aman harsashi da ake kira da sunansa, irin wadda sojojin Turawa suka zo da ita suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Latimer ba ruwansa da bindigar, ya bar wurin Maxim tun kafin nan. Amma ku dubi yadda duniya take a ƙulle, a shekarar da ake harba bindigar tsohon maigidansa a ganuwar garinmu, a shekarar shi yake shigar da kayan matarsa cikin wannan gidan da nake tsaye.

Kamfanin ya riƙa tura shi garuruwa yana jagorantar sa wutar lantarki a Niyok da Philadelphia da Montreal ta Kanada. A Montreal ma'aikatan Faransanci suke ji, sai ya zauna ya koyi yaren don ya riƙa yi musu bayani da bakinsa. Aka tura shi Landan ya kafa sashen yin ƙwan a 1882, inda ya sha fama da mutanen da ba su saba baƙar fata ya ba su umarni ba, amma ya gama aikin ya dawo. A 1884 kamfanin Edison ya ɗauke shi. Ya zama mai zane kuma mai ba da shaida a kotu a manyan shari'o'in da aka yi ta gwabzawa kan wa ke da haƙƙin ƙwan, yana fassara takardun Jamusanci da Faransanci. A 1890 ya fitar da littafi mai bayanin yadda wutar lantarki ke aiki cikin harshe mai sauƙi. Da tsofaffin ma'aikatan Edison suka kafa ƙungiyarsu a 1918, shi kaɗai ne baƙar fata a cikinsu. Akwai hoton 'yan ƙungiyar, za ki gan shi da gilashinsa da gashin baki a tsakiyar fararen fuskoki, ya natsu kamar ba shi ne ɗan bayin da aka saya dala 400 ba.

Na san abin da kuke jira, kuna cewa to ina matarsa? Ai ni ma ita na fi nema a bangon.

Sunanta Mary Wilson. Sun yi aure a 1873 a garin Fall River, lokacin yana ɗan shekara 25 yana ma'aikacin ofis, ba suna ba dukiya. Shekara goma suka yi ba haihuwa kafin Allah Ya ba su Jeanette a 1883, sai Louise a 1890. Shekara goma fa! Ku da kanku kun san abin da ake yi wa mace a shekara biyu kacal in shiru ta yi yawa, daga habaicin dangin miji sai jiƙe-jiƙe sai zancen ƙarin aure. Su kuwa tare suka yi ta ƙaura daga gari zuwa gari ana neman abinci, da aka tura shi Landan ma da ita ya tafi. Kuma 'ya'yan da suka samu mata ne su biyu, ba namiji, amma sunan gidan bai ɓace ba, tunda 'ya ce ta riƙe gidan har mutuwarta, jika mace kuma ta hana a rushe shi. Masu cewa ɗiya mace ba ta tsayar da gida sai su zo Flushing su gani.

Ashe mutumin injuna mawaƙi ne. Yana rubuta waƙoƙi, da yawansu na soyayya ne kuma Mary yake yi wa, har da wadda yake yabon kyawun baƙar mace a zamanin da duk littattafai fara suke yabo. Ba zan kawo muku baitocin ba, amma 'yan matan da ke ɓarnatar da kuɗinsu a kan man shafe-shafe don su yi haske, ina ma sun tsaya a inda na tsaya. Yana busa sarewa, yana kaɗa gogen Turawa, yana zanen hotunan mutane, ciki har da na iyalinsa. 'Ya'yan suka gado shi, babbar ta bi kiɗa, ƙaramar ta bi zane. Ana ambaton manyan baƙaƙen fata na zamanin cikin masu zuwa gidan, irin su Paul Robeson da W.E.B. Du Bois, wanda ya ƙare rayuwarsa a Accra ta Gana a 1963. Da yamma kuma, bayan ya tashi daga aiki, yakan je wata cibiya mai suna Henry Street ya koya wa baƙin da suka shigo ƙasar Turanci da zanen injuna. Wanda ya koya a ɓoye ta hanyar leƙe, shi ne ya zo yana koyarwa a fili.

Na fita baranda na zauna ina jiran 'yar Yaya ta gama wasanta da wayoyi da batir. A littattafanmu mukan auna so da mota da akwatunan lefe da kalaman da saurayi ke zubawa a zaure, kuma galibi ranar da aka kai amarya ranar muke ajiye alƙalami. Masu karatu haka suke so, ni ma haka nake rubutawa. Amma shekara 51 a ɗaki ɗaya, da talauci da jiran haihuwa da wulaƙancin launin fata a waje, a ce har tsufa namiji na zama ya tsara wa matarsa baiti, wannan babin ne ba mu cika rubutawa ba, kuma ina ganin ya fi wuyar rubutu.

Ga wadda Allah Ya kai ta Niyok, wurin ba shi da wuyar zuwa, jirgi mai lamba 7 har ƙarshen layi, sannan a taka zuwa titi na 137. Sai dai ba kullum ake buɗewa ba, a fara dubawa ta intanet kafin a fito, kuma awa ɗaya zuwa biyu ta isa a ga komai. A tafi da yara, don wurin ya fi karɓar su, ana ma shirya musu darussan ƙere-ƙere. Mu dai sai da na yi da gaske na ɓamɓaro tawa, tana ta ba ni labarin wai ita ma za ta ƙera fitilar da ba ta mutuwa ta aika wa Hajiya.

Mary ta rasu a 1924. Daga nan jikin tsohon ya fara saki, ga ido ya yi rauni, mutumin da ya rayu da jan siririn layi ya zo ba ya iya zane. Da 'ya'yansa suka ga yadda kewa ke cin sa, sai suka tattara waƙoƙin da ya rubuta tsawon shekaru suka sa aka buga su a ɗan littafi a 1925, aka sa masa suna da ke nufin waƙoƙin so da rayuwa, suka miƙa masa. Ya ƙara shekara uku a gidan, ya rasu ranar 11 ga Disamba 1928 yana da shekara 80. Ba a binne shi a Niyok ba, an ɗauki gawarsa zuwa Fall River, garin da aka ɗaura musu aure, aka sa shi kusa da Mary.